Dekin barandata na zubowa bayan shekara 14, ginin Rumawa kuwa yana tsaye bayan shekara 1,900

Mai Bene ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu ilimin gini su taimaka mini, don abin nan ya hana ni barci kwana uku ke nan.

Ranar Talata da yamma na fito barandar ƙasa zan ɗauki takalmi, sai na ji wani abu ya faɗo tim a bayana. Ɓallin kankare ne, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, ya ɓalle daga ƙarƙashin dekin barandar sama, ya sauka daidai inda ƙaramar 'yata take zama da kayan wasanta kullum da safe. Allah ya kiyaye ba ta nan. Da na ɗaga kai sai ga rodi biyu a fili, sun yi jawur da tsatsa, ɗayan har ɓarewa yake sala-sala kamar ɓawon itace idan na sa farce. Na kawo tsani na hau, na dinga ƙwanƙwasa gefen wurin da guduma. Wani wajen yana amsawa da ƙarfi, wani wajen kuma ƙarar ganga yake yi, kamar babu komai a ciki. Inda ke ƙarar gangar ya kai taku biyu a tsaye.

Ginin shekararsa 14 kacal. Ni na tsaya a kansa ranar zubi, tun asuba har magariba, kuma ban yi ƙwauron siminti ba, ko buhu ɗaya da aka ce in kawo ban rage ba. Babban ɗana da ya ga damuwata ya nuna mini hoton wani gini a birnin Rum, Pantiyon, ya ce rufinsa kankare ne, babu rodi ko ɗaya a ciki, kuma yana nan lafiya lau. To tambayata ita ce: idan nasu babu rodi ya kai wannan shekaru, nawa mai rodi ya fara zubowa tun bai kai 15 ba, rodin nan taimako yake yi ko cuta? Sannan me zan yi yanzu? Wani ya ce in sa a kwaɓa siminti mai ƙarfi a shafe wurin a yi fenti. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba.

Injiniyar Gada ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa, kuma madalla da ba ka yarda an shafe wurin ba. Kafin komai, a hana yara zama a ƙarƙashin barandar, a kuma daina hawa samanta har sai an duba.

Rodi taimako yake yi, amma yana zuwa da sharaɗi. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, rago ne wajen jure abin da ke jan sa. Ƙarfinsa a wajen ja bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa a wajen danni ba. Ka ɗora dogon katako a kan bulo biyu ka taka tsakiya: samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa. Idan kankare zalla ne, ta ƙasan nan zai tsage ya karye nan take. Shi ya sa ake sa rodi a gefen da ke miƙewa, ƙarfe ya ɗauki ja, kankare ya ɗauki danni. Wani abin da ya sa suka dace da juna shi ne zafi da sanyi suna buɗa su suna tsuke su kusan daidai wa daida, don haka ba sa rabuwa idan rana ta yi zafi.

Rumawa ba su da rodi, don haka suka zaɓi siffar da ba ta bukatarsa. Ƙubbar Pantiyon, wadda aka gama wajen shekara ta 126 miladiyya zamanin sarki Hadiriyan, faɗinta mita 43 da ɗoriya, kuma kusan duk nauyinta dannewa yake yi yana gangarowa zuwa bango mai kaurin kusan mita 6. Sun sa duwatsu masu nauyi a ƙasa, masu sauƙi irin na aman wuta a sama, suka bar buɗaɗɗen ido a ƙololuwa, wanda ya rage nauyi a inda ya fi haɗari. Ita ma tana da tsagu, an daɗe da sanin haka, amma babu ƙarfe a ciki da zai yi tsatsa ya faɗaɗa su. Barandarka kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, siririya, ta fito daga jikin gini. Barume ba zai iya yin irinta da kankare ba ko da ya so.

Sharaɗin kuwa shi ne ruwa da iska kada su kai ga rodin. Sabon kankare yana da kaifi irin na toka, shi ne ma yake cin hannun lebura idan bai sa safar hannu ba. A ma'aunin kaifi da ake kira pH yana kaiwa 12.5 zuwa 13. Wannan kaifin yana yi wa ƙarfe wata siririyar riga da ke hana shi tsatsa. Da tafiyar shekaru, iskar kabon da ke sararin sama tana kutsawa ta ƙananan ƙofofin kankaren tana kashe kaifin daga waje zuwa ciki, har ya sauko wajen 9. Ranar da ta iso ga rodin, rigar ta tafi. Gishiri ma yana yin wannan ɓarna, har ya fi sauri, ko daga iskar teku, ko daga yashi ko ruwan da aka kwaɓa da shi. Daga nan sai tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma ninki biyu zuwa sama. Tana kumbura a ciki, tana tura kankaren waje, shi kuma ba ya jure ja, sai ya tsage ya ɓalle. Ƙarar gangar da ka ji, fatar kankaren ce ta riga ta rabu da jikinta, tana jiran ranar faɗowa.

Abu biyu ke nuna tsawon lokacin da iskar za ta ɗauka kafin ta kai ga rodi: kaurin kankaren da ya rufe shi, da kuma yadda kankaren ya matse. A cikin ɗaki, milimita 20 zuwa 25 kan wadatar a dekin. A wajen da ruwan sama ke duka ana neman 40 zuwa 50. Don Allah ka auna kaurin ɓallin da ya faɗo, daga fuskarsa zuwa inda shatin rodin ya kwanta, ka faɗa mana. Ka kuma gaya mini: barandar tana da pila a bakinta na waje, ko a sake take, ginin ne kawai ya riƙe ta ta gefe guda? Wannan tambayar ta fi duk abin da na rubuta a sama muhimmanci.

Tsohon Birkila ya amsa:

Hajiya Injiniya ta faɗi na littafi, kuma gaskiya ta faɗa. Ni bari in faɗi na kan katako, don shekara 30 da wani abu na yi ina zubi kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Ɗana Mai Bene, ka ce ba ka rage siminti ba. Na yarda. Amma ka ƙirga bokitin ruwa? Na san ba ka ƙirga ba, kusan babu mai gida da ke ƙirgawa. Idan rana ta take, leburori sun gaji, kwanon ya yi nauyi a ka, abin da ke fitowa daga bakin kowa shi ne a ƙara ruwa. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana da daɗin shebur, yana gudu da kansa ya shige tsakanin rodi, ba sai an wahala da soka shi ba. Mai gida yana tsaye yana ganin ya kwanta sumul yana sheƙi, sai ya ji daɗi. Ni da hannuna na sha ƙara ruwan nan ina yaro, ban san abin da nake yi ba, sai da wani injiniya ya sa aka cika ƙananan akwatuna biyu na ƙarfe a gabana, ɗaya da kwaɓinsa mai kauri, ɗaya da nawa. Bayan kwana 28 ya kai ni inda ake matse su da inji. Nawa ya ruguje tun allurar ba ta yi nisa ba, nasa kuwa sai da injin ya yi gurnani. Siminti ɗaya, yashi ɗaya, tsakuwa ɗaya. Tun ranar ban sake barin yaro ya taɓa bokiti ba sai da izinina.

Na biyu, biskit. Su ne 'yan ƙananan gutsattsarin kankare da ake ɗaurewa a ƙarƙashin rodi don su ɗaga shi daga kan katako. Aikin yini guda ne a yi su, amma sau nawa ake mantawa, ko a tsinci tsakuwa a cusa nan da can, da an fara zubi ta goce? Rodi ya kwanta a kan katako, a cire katako bayan sati uku, ka ga inuwar rodin a jikin silin kamar haƙarƙarin ramammiyar dabba. Mai filasta ya zo ya rufe, shi ke nan, ba wanda zai sake gani sai irin ranar Talatarka.

Na uku, ban-ruwa. Mutane suna cewa a bar kankare ya bushe. Kankare ba ya son bushewa a kwanakinsa na farko, ruwan ne abincinsa. Idan ka bar rana da iska suka shanye shi, fatar sama takan zama gari-gari, kuma ita ce fatar da Hajiya ta ce tana kare rodi. Mu dai sati guda cur muke yi, a tare gefe da yashi a cika saman da ruwa, ko a shimfiɗa buhuna a dinga jiƙa su safe da yamma. Ka tuna ko an yi wa naka haka?

Injiniyar Gada ta ƙara da cewa:

Baba, Allah ya saka da alheri. Abin da ka gani a akwatunan nan biyu shi ne abin da Duff Abrams ya tabbatar da gwaje-gwaje a Amurka a 1918: ƙarfin kankare yana bin yawan ruwa a kan yawan siminti. Buhu mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da lita 25 ba, har da damshin da ke jikin yashi. Simintin kansa kusan rabin wannan yake haɗewa da shi. Ragowar idan ta fita takan bar ƙananan hanyoyi a ciki, ta nan iska da ruwa ke bi daga baya. Haɗuwar siminti da ruwa kuma zafi take fitarwa. A madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, wadda aka gama a 1936, sai da aka binne bututu a cikin kankaren ana zagaya ruwan sanyi, don an lissafa cewa in an bar shi ya huce da kansa zai haura shekara 100, yana tsagewa a hanya.

Ɗalibin Zane ya amsa:

Sannunku iyayena. Ni ɗalibi ne, zanen gine-gine nake karanta, kuma ina so in ɗan kare rodi, don kada Malam Mai Bene ya tafi da tunanin cewa na dā sun fi mu iyawa.

Simintin da muke amfani da shi bai daɗe ba. Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila a 1824. Rodi a cikinsa kuma wani mai lambu ne a Faransa, Joseph Monier, ya yi wa rajista a 1867, tukwanen shuka yake yi da ragar ƙarfe a ciki don kada su fashe. Daga tukunyar fure zuwa bene mai hawa 16 a Sinsinati ta Amurka a 1903, shekara 36 ce kawai. Da wannan haɗin ne aka raba bango da aikin ɗaukar nauyi, pila da dekin suka karɓa, mai zane ya sami damar buɗe taga daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai zanen gini Le Corbusier ya gina babban gidan haya na Marsai ta Faransa a 1952 ya bar kankaren tsirara, har shatin katakon da aka zuba shi a ciki ana gani. Oscar Niemeyer ya lanƙwasa pila 16 ya tayar da cocin Biraziliya, babban birnin Brazil, da su kamar hannuwa a ɗage. A Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, an tura kankare ta bututu har sama da mita 600, ana zubi da dare ana haɗawa da ƙanƙara saboda zafi. Ni duk lokacin da na kalli waɗannan sai in ji ina son aikin nan har raina.

Kuma gine-ginen Rumawa da muke gani, waɗanda suka tsira ne. Waɗanda suka rushe ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Injiniyar Gada ta amsa:

Ƙanena, maganarka ta ƙarshe daidai ce, kuma ina son wannan zumuɗin naka. Amma ka haɗa da ɗaya ɓangaren, don ranar da za ka fara zana baranda siririya saboda kyau. Gidan Fallingwater na Frank Lloyd Wright a Amurka, wanda kowane ɗalibi ke sha'awa, barandunsa da ke shawagi a kan ruwa sun yi ta sunkuyawa har kusan inci 7, sai a 2002 aka ratsa igiyoyin ƙarfe aka ɗaure su tamau don su tsaya. Gadar Morandi a Jenowa ta Italiya an buɗe ta a 1967, igiyoyin da ke riƙe da ita an lulluɓe su da kankare da niyyar kare su, lulluɓin kuma ya sa ganin halin da suke ciki ya yi wuya. Ta faɗi ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka rasu. A Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, bene ya rufta a watan Yuni 2021, mutum 98 suka rasu, bayan wani rahoton injiniya na 2018 ya riga ya nuna ruwa na ratsa dekin wajen iyo yana lalata kankaren da ke ƙasa. Aikina duba gadoji ne, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali kullum shi ne wurin da aka shafe aka yi wa fenti mai kyau, don ban san abin da ke bayansa ba.

Malam Mai Bene, har yanzu ina jiran amsar pila.

Mai Bene ya dawo:

Ku gafarce ni, sai da na dawo daga aiki na samu na auna. Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode Baba, na gode ɗalibi.

Kaurin ɓallin daga fuska zuwa shatin rodi milimita 8 ne, har da filasta. Baba, ban tuna na ga biskit ko ɗaya ba, kuma gaskiya ban-ruwa kwana biyu aka yi, don an matsa a ɗora bulon sama. Ruwa kuwa, ina tuna mai kwaɓi yana riƙe da tiyo a bakin injin, ban taɓa tunanin abin dubawa ba ne.

Barandar ba ta da pila. A sake take, ta fito mita 1 da rabi daga bango. Na hau sama ban taka ta ba, na leƙa daga bakin ƙofa, sai na ga wata siririyar tsaga a kan tayil, ta bi jikin bango tun daga wannan gefe har wancan. Na daɗe ina ganinta, na ɗauka tayil ne kawai. Kuma idan an yi ruwa, a nan yake taruwa ya kwana, don bututun da ke zubar da shi ya toshe tun bara.

Injiniyar Gada ta amsa:

Malam, wannan tsagar ita nake tsoro. Baranda marar pila ba kamar katakon da na kwatanta ba ce. Ka miƙa hannunka ka riƙe bokiti: saman kafaɗarka ne ke jin ja. Haka ita ma, samanta ne ke miƙewa, daidai inda ta haɗu da bango, don haka manyan rodinta a sama ya kamata su zauna. Abin da ke yawan faruwa ranar zubi shi ne masu kwano da baro su tattake su su koma ƙasa, idan ba a sa musu kujerun ƙarfe masu ƙarfi da za su riƙe su a sama ba. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, amma akwai yiwuwar rodin da ka gani a ƙasa su ne waɗanda ya kamata su kasance a sama. Idan kuma suna saman, to ruwan da ke kwana a kan tsagar yana sauka kai tsaye a kansu. Irin wannan baranda ba ta da wani abin da zai karɓe ta idan wurin ya saki, kuma ba lallai ta yi gargaɗi ba.

Yau ɗin nan a kulle ƙofar sama. A sa turakun ƙarfe a ƙarƙashi, kusa da bakin waje, a kan katako mai kauri, a ɗaure su su taɓa dekin ba tare da an tura shi sama ba. A sauke duk wani abu mai nauyi da ke kai bayan an sa turakun, a buɗe bututun. Sannan ka kira injiniyan gini mai rajista ya zo da kansa. Zai nemo inda rodin suke da na'ura ko ya fasa ƙaramin wuri, ya auna abin da tsatsa ta bari na kaurinsu, ya fesa wani ruwa da ake kira finolftalin a sabon fashi: inda kankare ke da sauran kaifinsa zai koma ruwan hoda mai kauri, inda ya mutu ba zai canja ba. Idan rodin na wurinsu kuma ba su ci sosai ba, gyara ne: a sassaƙe har bayan rodin, a goge shi ya yi fari, a cike da kwaɓin gyara na musamman, a yi wa sama shafen hana ruwa. Idan ba sa wurinsu, sai dai pila ta dindindin ko a sauke barandar a sake ta.

Tsohon Birkila ya ƙara:

Ɗana, ka ji maganar Hajiya. Kuma duk wanda zai sa turakun, kada ya buga su da guduma da ƙarfi, a murɗa a hankali. Ka tsaya a kai.

Mai Bene ya dawo:

An sa turaku huɗu jiya da daddare, na tsaya a kai kamar yadda Baba ya ce, ƙofar sama kuma makullinta na aljihuna. Injiniya ya zo da safen nan. Ya ɗaga tayil biyu a jikin bango ya fasa wuri kamar faɗin littafi. Sai da ya yi zurfin santimita 9 kafin ya taɓa rodi na farko, a dekin da kaurinsa santimita 15 ne. Ya fesa ruwan nan a ƙasa inda ɓallin ya faɗo, bai canja launi ba har bayan rodin. Ya ce kada a cire turakun, zai yi lissafi ya dawo ranar Asabar da zanen pila biyu. Ya kuma ce zai duba matakalar bene da rufin tagogi, tunda rana ɗaya aka zuba su da kwaɓi ɗaya.